Karen gadi a ƙasar zafi: yadda ake zaɓensa da yadda ake riƙonsa

Masu sayar da 'yan kwikwiyo sun san abin da ke ɗaukar idon mai saye: ƙaton kai, manyan dagi, gashi buzu-buzu, da hoton uban a waya yana tsaye kamar zaki. Abin da ba kasafai suke faɗa ba shi ne aikin da aka samar da irin dominsa da ƙasar da ya fito, alhali waɗannan biyun ne za su nuna ko karen zai yi shekara goma yana gadin gidanka ko zai ƙare a bazararsa ta farko. Malamai sun yi bayanin halaccin ajiye kare domin gadi da kiwo da farauta. Wanda ya ajiye shi kuwa ya ɗauki nauyin cinsa da shansa da lafiyarsa, da kuma lafiyar maƙwabta.

Irin da aikinsa

Karen Jamus, wanda wasu ke kira Alseshan ko karen 'yan sanda, asalinsa makiyayin tumaki ne. Wani hafsan sojan doki mai suna Max von Stephanitz ne ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899, kuma abin da ya nema shi ne kare mai sassarfa yini guda ba gajiya, mai jin umarni, mai natsuwa. Wannan gadon ne ya sa yake saurin koyo, shi ne kuma ya sa yake lalacewa idan aka kulle shi ba aiki: ya dinga zagaye a keji, yana cizon jelarsa, yana haushi dare farai. Malinuwa na Beljiyam ya fi shi zafin nama nesa ba kusa ba, bai dace da gidan da babu mai ba shi awa biyu a kullum ba. Rotwaila da Burbul na Afirka ta Kudu gajeren gashi gare su, amma nauyin jiki da gajartar baki na sa zafi ya kama su da wuri. Kokeshan kuwa, wanda namijinsa ba ya gaza kilo 50, karen duwatsu ne masu ƙanƙara. A Jos zai iya lallaɓawa. A Sakkwato ko Maiduguri ko Tawa, inda watan Afrilu ke haura digiri 42, ajiye shi ba tare da ɗaki mai sanyi ba azabtarwa ce.

Akwai irin da ƙasarmu ta san shi tun kafin a rubuta masa takarda, wato Azawak, karen Buzaye na kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. Dogo ne siriri, yana farautar zomo da barewa da ido, yana gadin zango da dabbobi, ba ya sakin jiki da baƙo. Shi da karen gida na farauta sun fi duk na waje jure zafi da kaska. Wanda buƙatarsa kare ne mai faɗakarwa idan an taɓa ƙofa, ya fara duba nan kafin ya zuba kuɗi a kan na ƙetare.

Abin da ma'aunin siffa ya ce

Kowane irin da aka yi wa rajista yana da rubutaccen ma'auni. Hukumar FCI ta ƙungiyoyin masu kiwon karnuka na duniya, wadda aka kafa a 1911 kuma hedikwatarta ke Beljiyam, ita ke riƙe da mafi yawansu. Na karen Jamus shi ne mai lamba 166, na Azawak mai lamba 307. Amfanin sanin su ga mai saye shi ne kada a sayar masa da aibi da sunan ado.

A karen Jamus, tsayin namiji daga ƙasa zuwa doron kafaɗa santimita 60 zuwa 65 ne, nauyinsa kilo 30 zuwa 40. Karya santimita 55 zuwa 60, kilo 22 zuwa 32. Tsawon jiki ya ɗara tsayi da kashi 10 zuwa 17 cikin ɗari. Hanci baƙi, kunnuwa a tsaye suna fuskantar gaba, haƙora 42, na sama suna hawa kan na ƙasa kamar almakashi. Fari fat ba ya cikin ma'aunin. To idan mai sayarwa ya yi maka alfahari da cewa uban ya kai kilo 55, abu biyu ne: ko ƙiba ce, ko an gauraya shi da wani iri. Ƙiba kuwa ita ce ke fara cinye mahaɗar ƙugu.

Auna tsayi ba wuya. Tsayar da karen a kan siminti kusa da bango, ɗora katako a miƙe a kan doron kafaɗarsa ya taɓa bangon, ka yi alama, ka auna da tef ɗin tela. Kada ka auna daga kai ko wuya.

Maganar gangaren baya ita ce ta fi ruɗa mutane. Masu sayarwa na tallan kare mai baya a zube kamar shi ne na asali, har su ƙara masa kuɗi. Ma'aunin ya ce baya ya kasance mai ƙarfi, kuturi kaɗai ne zai ɗan gangara, wajen digiri 23. Gangaren da ake gani a hotunan gasa rabinsa tsayuwa ce: ana jan ƙafar baya ɗaya can baya ne don a ɗauki hoto. Amma an samu layin da aka wuce gona da iri wajen kiwonsu, har ƙafafun bayansu na rawa, dunduniya na kusan share ƙasa. A gasar karnuka ta Crufts ta Ingila a 2016 an yi ta ce-ce-ku-ce bayan wata karya mai irin wannan tafiya ta zo ta ɗaya a irinta. Don haka kada ka yanke hukunci da hoto. Ka sa a ja uwar da uban su yi sassarfa su ba ka baya. Idan gwiwoyin baya na haɗuwa suna gogar juna, ko karen na haɗa ƙafafun baya biyu yana tsalle kamar zomo, ko yana shan wuya wajen tashi daga kwance, bar 'ya'yansa komai kyansu. Gurguncewar ƙugu ana gadonta, kuma hoton ƙashi ne kaɗai ke tabbatar da ita. A Jamus ana ɗaukar hoton da kare ya cika wata 12 kafin a yarda a yi barbara da shi.

Azawak kuma akasin haka ake cutarsa. Ma'auninsa ya ce namiji santimita 64 zuwa 74 amma kilo 20 zuwa 25 kacal, karya santimita 60 zuwa 70, kilo 15 zuwa 20. Tsayinsa ya fi tsawonsa, kuma ana son a ga shatin haƙarƙari da ƙasusuwan ƙugu ta ƙarƙashin fata. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka yunwa ce, ya yi ta ɗura masa abinci har ya ɓata shi.

Ranar saye

Kada ka karɓi ɗan kwikwiyon da bai cika mako 8 ba. Wanda aka raba da uwarsa a mako 4 ko 5 bai koyi sassauta cizo daga 'yan uwansa ba, kuma shi ne ke tashi da tsoro. Ka je inda aka haife shi, ka ga uwar da idonka. Uwar da ke ɓuya a lungu tana kaɗa jiki, ko wadda mai ita ma ba ya iya taɓa ta, 'ya'yanta sukan ɗauko halinta.

Ɗaga leɓen ɗan kwikwiyon ka ga dasashi: ja-ja mai haske ake so, fari alamar tsutsa ce ko kaska ta shanye jini. Shafa cibiya ko akwai ƙullutu. Duba ƙarƙashin jela ko akwai busasshen zawo. Leƙa cikin kunne da tsakanin yatsu. Ƙaton ciki a kan siraran ƙafafu tsutsa ce, ba ƙoshi ba. Sannan ka jefar da makullai a ƙasa nesa kaɗan da 'yan kwikwiyon. Firgita ba laifi ba ce, abin dubawa shi ne wanda ya dawo ya shinshina cikin 'yan daƙiƙu. Wanda ya gudu bai dawo ba zai yi cizon tsoro idan ya girma, kuma irinsa ne ke cizon yaran gida ya bar ɓarawo. Ka nemi katin rigakafi mai ɗauke da tambarin kwalbar allura da sa hannun likita. “An yi masa komai” ba kati ba ne.

Kunnen karen Jamus na tashi yana faɗuwa lokacin famfarar haƙora, daga wata 3 zuwa 6 ko 7. A bar shi, kada a yi ta murza shi, kada kuma a ba shi ƙwayar ƙarin ƙashi don kunne ya tsaya.

Rigakafi, tsutsa da kaska

Cutar da ta fi kashe 'yan kwikwiyo ita ce fabo: amai, zawo na jini mai ƙarni, kwanciya, mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Ƙwayarta na zama a ƙasa watanni da yawa, kuma takalmi ma na shigo da ita. Allurar haɗin da ke kare ta da sauran manyan cututtuka ana fara ta a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a allura ɗaya ko biyu. Kariyar da ya sha a nonon uwa takan hana allurar farko kamawa, kuma ba a san ranar da za ta gushe ba, shi ya sa ta mako 16 ta fi kowacce muhimmanci. Allurar da ta kwana a zafi ruwa ce kawai, don haka ka ga an fito da ita daga firji ko kular ƙanƙara a gabanka. Idan fabo ta taɓa shiga gidan, a wanke siminti da bilic, awo 1 cikin awo 30 na ruwa, a bar shi minti 10, kuma kada a kawo sabon ɗan kwikwiyo sai wanda ya gama alluransa. Allurar haukan kare a wata 3 ake yin ta, a sabunta duk shekara.

Maganin tsutsa daga mako 2, duk bayan mako biyu har mako 12, sannan wata-wata har wata 6, daga nan duk wata 3. A auna nauyinsa kowane karo, domin maganin da nauyi yake tafiya.

Kaskar kare ba daga daji take zuwa ba, a tsagar bango da ƙarƙashin katako take ƙyanƙyasa. Wanda ke cire ta a jikin kare kaɗai bai taɓa gidanta ba. A shafe tsagogi da siminti, a yi feshi a ɗakin bayan an fitar da karen, a bari ya bushe. A jikinsa kuma akwai maganin ɗigawa a ƙeya na wata-wata da ƙwayar taunawa mai aiki wata ɗaya zuwa uku. Kada a kusanto shi da fiya-fiya ko baƙin mai ko maganin wankan shanu da aka haɗa da ka, suna ratsa fata su kashe. Alamomin zazzaɓin kaska su ne ƙin abinci, farin dasashi, fitsari kalar shayi, wani lokaci haɓo. Sai an duba jini, domin iri biyu ne kuma maganinsu daban. Ɗaya na buƙatar ƙwayar doksisaikilin har kwana 28, ba a tsayawa don an ga ya warware. Ɗayan allura ce irin wadda makiyaya ke yi wa shanu ta sammore, kuma a kare tazarar da ke tsakanin magani da guba ƙanƙanuwa ce ƙwarai: ƙari kaɗan ko maimaitawa na taɓa ƙwaƙwalwa. Likita kaɗai zai yi ta, bayan ya ɗora karen a sikeli.

Da damina a lura da ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya. Tsutsar ƙuda ce da ke yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa. A toshe ramin da man basilin, bayan ɗan lokaci a matse a hankali ta fito ɗungurungum. Ƙudan da ke cin bakin kunne kuma ana korarsa da tsabtar ɗaki da man shafawa mai korar ƙwari.

Abinci

Sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan safe da yamma. Babban kare mai kilo 30 zuwa 35 na cin wajen giram 400 na busasshen abincin buhu a yini. Wanda zai dafa a gida ya sa rabi ya zama shinkafa ko tuwon masara ko gero, kashi ɗaya cikin uku nama ko kifi ko tumbi ko ƙwai, sauran kabewa ko karas, da cokalin mai. Hanta kaɗan, sau biyu a mako. Ƙanzo da ruwan miya kaɗai ba sa gina kare. Nama zalla ma illa ne ga mai tasowa, domin ba shi da sinadarin ƙashi, sai ka ga ƙafafun gaba sun lanƙwashe. Gyaransa a busar da ɓawon ƙwai a daka ya yi laushi, a zuba rabin ƙaramin cokali a kan kowane rabin kilo na nama. Mai cin abincin buhu na 'yan kwikwiyo ba a ƙara masa komai, yawan sinadarin ma na ɓata gaɓoɓin manyan iri.

Kayan ciki daga kwata a dafa su sosai. Huhu ko hantar da ke da ƙulli mai ruwa a ciki a binne ta, domin tsutsar da ke ciki na girma a hanjin kare, ta dawo wa mutane ta kashinsa. Albasa da tafarnuwa na fasa ƙwayoyin jininsa, ke nan ragowar miya da dambu ba nasa ba ne. Haka goro, cakulan, inabi da zabibi. Dafaffen ƙashin kaza na tsagewa ya huda hanji. Farasitamol da ibuprofen na mutane ba a ba shi. Shinkafar ɓera a ajiye ta inda ba zai kai ba, mushen ɓeran ma a kwashe.

Manyan karnuka masu zurfin ƙirji na fuskantar murɗewar tumbi: ciki ya kumbura kamar ganga, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, yana dalala. Wannan sai tiyata cikin 'yan awoyi. Raba abinci biyu da hutun awa guda kafin ci da bayansa na rage haɗarin. Don sanin ko ya yi ƙiba, shafa haƙarƙarinsa: ka ji su kamar yadda kake jin ƙasusuwan bayan hannunka, ba sai ka danna ba.

Ɗaki da zafi

Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Kejin ƙarfe mai rufin kwano a tsakar rana tanda ce. Ɗakinsa ya kai mita 2 da mita 3, rufi ya haura mita 2, a sa silin ko a shimfiɗa zana a kan kwanon, ɓangare biyu su zama raga don iska ta ratsa, a ƙarƙashin bishiya idan akwai. Daɓen siminti ya ɗan gangara zuwa magudana, da katako ɗagagge na kwanciya. Ruwa kuwa babban kare na shan kusan lita 2 a yini, da bazara ya ninka. Kasko ko tukunyar ƙasa mai nauyi ta fi roba, ba ya kifar da ita, ruwan kuma na yin sanyi.

Yawo bayan asuba ko bayan magariba. Ɗora bayan hannunka a kan kwalta, idan ba ka iya daƙiƙa 5 ba, dagin karen ma zai ƙone. Kada a aske gashin karen Jamus don zafi, na saman ne ke tare rana. A taje na ƙasan da ke zuba, sau uku a mako. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne da ɗoriya kaɗan. Idan ka ga harshe ya fito ya yi faɗi ya yi ja wur, yawu ya yi kauri, yana tangaɗi, kai shi inuwa nan take, ka yi ta kwara masa ruwan randa a ciki da cinyoyi da wuya, ka sa fanka ko mafici. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, yana riƙe zafi. A fara sanyaya shi kafin a kama hanyar asibiti, kuma a je ko ya miƙe, domin ƙoda kan gaza bayan kwana ɗaya ko biyu.

Horo

Wasu na kulle ɗan kwikwiyo a duhu, su hana shi ganin mutane, su zuba masa barkono a abinci wai don ya yi zafi. Abin da ke fitowa kare ne matsoraci wanda bai san bambancin ɓarawo da almajiri ko mai kawo ruwa ba. Gadi a jininsa yake, zai fito da kansa wajen shekara ɗaya zuwa biyu. Abin da ake koya masa shi ne sanin abin da ba barazana ba, kuma ƙofar wannan koyo na rufewa wajen mako 14. Kafin nan ya ga yara, mata masu hijabi, maza masu babbar riga, awaki, kaji, babur, ya ji ƙarar janareta, duk a cikin gida ko a hannu tunda bai gama allura ba.

Darasi minti 5, sau uku a rana, kafin cin abinci. Kalma ɗaya ga abu ɗaya, kuma duk gidan su yi amfani da ita: zo, zauna, kwanta, tsaya, bari. Riƙe ɗan tsoka a saman hancinsa ka ja baya, gindinsa na taɓa ƙasa ka ce “zauna” ka ba shi a take. Ladan da ya yi jinkirin daƙiƙa uku ya tafi ga wani abin daban. Kada ka taɓa kiransa da “zo” sannan ka doke shi, gobe ba zai zo ba. Ɗaure shi da sarƙa yini da kwana na ƙara masa cizo. Yaro ƙarami kuwa ba a barinsa da kare su kaɗai, komai sabo, musamman lokacin cin abinci ko idan karya na shayarwa.

Idan ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cif, a zuba aidin, a tafi asibiti a ranar, a tafi da katin rigakafin karen. Haukan kare na kashe mutane wajen 59,000 a duniya duk shekara, kuma da zarar alamu sun bayyana babu magani, don haka ba a jira a ga abin da zai faru kafin a fara allurar mutum. Karen kuma kada a kashe shi don fushi. A killace shi kwana 10 ana ba shi ci da sha ana lura da shi. Idan ya canza hali ko ya mutu a cikin kwanakin, a kira likitan dabbobi ba tare da an taɓa gawar da hannu ba, shi zai aika da kan karen zuwa ɗakin gwaji irin na cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato.